ƘULLIN DA YA RIƘE RAGO BA YA RIƘE BUTUTU

A wannan mako zan kai ku gindin wata hasumiyar ƙarfe, mu tsaya nesa kaɗan, mu dubi wani abu wanda ba a cika kula da shi ba sai ran da ya ci amanar mutum, watau ƙullin igiya.

Akwai wani dattijo a unguwarmu nan birnin Ikko wanda ya daɗe da barin aiki, abin da ya rage masa na sha'awa a duniya kuwa shi ne rediyo. Ba sauraron labarai na ke nufi ba. Yana cikin mutanen nan da a ke kira masu rediyon sha'awa, waɗanda kan karɓi lasin daga hukuma, su kafa 'yar tasharsu a ɗaki, su yi ta zance da takwarorinsu na wasu ƙasashe, babu ciniki a ciki, babu kuma mai biyansu ko anini. Kowannensu yana da lambar kira tasa, farkon lambar shi ke nuna ƙasarsa: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana da 9G. Abin ya daɗe ƙwarai. Tun cikin 1914 Hiram Percy Maxim ya kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, a 1925 kuma aka kafa ta duniya baki ɗaya a Faris, babban birnin Faransa. Har masu mulki sun shiga, don marigayi Sarki Husaini na Jodan, wanda ya rasu a 1999, lambarsa JY1, kuma ya kan yi hira da talakawan wasu ƙasashe kamar sa'o'insa.

To, muryar mai wannan sha'awa ba ta zuwa nesa sai eriyarsa ta yi sama. Wadda su ka fi so ita ce mai siffar ƙashin kifi, wadda wasu Japanawa biyu, Yagi da Uda, su ka ƙago a 1926. Ita ba ta aiki sosai sai ta fuskanci ƙasar da a ke son magana da ita, saboda haka dole a riƙa juya ta. Ga yadda a ke yi. A kan kafa hasumiya mai ƙafa uku, gaɓa bisa gaɓa. Irin wadda kamfanin Rohn na Amurka ya yi suna da ita, kowace gaɓa tsawonta ƙafa 10 ne, nauyinta kamar kilo 18. Can kusa da ƙoli, a cikin hasumiyar, a kan girke ɗan injin juyawa. Sa'an nan a zuro wani dogon bututun ƙarfe ta ƙoli, gindinsa ya zauna a kan injin, kansa ya yi sama, a kansa ne a ke ɗaura eriya. Wannan bututu shi ne batunmu na yau. Idan kaurinsa inci 2 ne, kaurin bangonsa rubu'in inci, tsawonsa ƙafa 20, to, nauyinsa ya kai kilo 42. Ga shi sumul kamar kwalba, ba shi da kai, ba shi da kafaɗa, ba shi da inda igiya za ta maƙale.

Ran wata Asabar dattijon nan ya tara samari huɗu da wani mahayi guda domin su ɗaga masa irin wannan bututu zuwa kan hasumiyarsa mai ƙafa 40. Ni kuwa son gani ya kai ni. Mahayi ya hau, ya ɗaure sandar ɗagawa a ƙafar hasumiya can ƙoli. Ita wannan sanda doguwa ce, a kanta akwai gargare mai kwari wanda igiya ke bi, ɗaya bakin igiyar ya sauko ga kaya, ɗaya ya sauko ga masu ja. Kafin dattijo ya fito daga ɗaki, wani saurayi mai zafin nama ya riga ya ɗaure bututu kusa da kansa, ya zagaya igiya sau biyu, ya cusa baki, ya ja ya ga ta yi tamau, ya ce a ja. Aka ja. Bututu ya miƙe tsaye ya kama hanya lafiya lau. Da ya kai wajen rabin hasumiya sai kansa ya tokari wani ƙarfe, masu ja su ka ɗan saki don ya kauce, igiya ta yi sako-sako na ɗan ƙiftawar ido. Da su ka sake ja, igiya ce kaɗai ta hau.

Ban ga faɗowarsa ba, ƙararsa na ji. Ya caki ƙasa da gindinsa, taki ɗaya tak daga inda saurayin nan ya ke tsaye, ya nutse fiye da taƙi, sa'an nan ya kwanta a kan katanga. Daga baya na yi lissafi: abin da ya faɗo daga ƙafa 20 ya kan iso ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da ɗan kai, yana gudun kusan kilomita 40 a sa'a. Ba mai iya kaucewa a cikin wannan lokaci, ko da ya ga tahowarsa.

Dattijo bai yi faɗa ba. Ya dubi saurayin, wanda har yanzu gwiwoyinsa ke rawa, ya ce, "Yaro, wa ya koya maka wannan ɗauri?"

Saurayi ya ce, "Baba, ai da shi na ke ɗaure ragon layya a turke kowace shekara, bai taɓa kwancewa ba."

Dattijo ya ce, "Gaskiyarka. To, rago gefe ya ke jan turke, ko sama?"

Wannan tambaya ita ce kan zancen duka, kuma ita ta sa na koma gidan dattijon har sau uku ina tambayarsa. Ɗaurin turke, wanda kowa ya sani, ɗauri ne mai kyau matuƙar a gicciye a ke jansa. Idan aka ja shi bisa tsawon abin da aka ɗaure, to, ba abin da ke riƙe shi sai gogayyar igiya da jikin abin. A kan azara ko gungume mai kaushi gogayyar nan ta kan isa, shi ya sa masu jan katako kan yi wani ɗauri na murɗe baki, su ƙara da zarge ɗaya ko biyu a gaba, su ja itace ba ya suɓucewa. A kan bututun da aka shafe da tutiya don tsatsa kuwa, balle idan da ɗan maiƙo ko raɓa a jikinsa, zagaye biyu ba su riƙe kome.

Maganin da masana su ka samo shi ne yawan zagaye, da kuma ɗaurin da nauyin kansa ne ke daɗa matse shi. Mahaya duwatsu su ka fi kowa ƙwarewa a nan. A 1931 wani mutumin Ostiriya mai suna Karl Prusik ya bayyana wani ɗauri wanda har yau a ke kira da sunansa: a sami gajeriyar igiya wadda aka haɗe bakunanta ta zama zobe, a naɗa ta a jikin abin sau uku, kowane zagaye ana cusa ta cikin kanta. Idan aka ɗora mata nauyi sai ta ciji abin, idan aka sauke sai a iya tura ta da hannu. Masu aikin hasumiya sun ɗauki wannan dabara, sai dai sun fi yin ta da majanyi. Majanyi na ke kiransa don ban sami sunan da ya fi dacewa da shi ba: wata faffaɗar ɗamara ce ta zaren roba, an ɗinke bakunanta ta zama zobe, irin wadda duk wanda ya taɓa shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa ya ga manyanta ana ɗaga kaya da su. Faɗinsa ya sa ya fi igiya kwanciya a jikin bututu. A kan naɗa shi sau huɗu ko biyar, zagaye kusa da zagaye ba tare da sun hau juna ba, a cusa baki ɗaya cikin ɗaya, a ja ta wajen da nauyi zai bi, a ga ya ciza, sa'an nan a maƙala igiyar ja.

Amma dattijo ya gargaɗe ni da abu ɗaya, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci cikin duk abin da ya faɗa. Duk ɗaurin da nauyi ke matsewa, rashin nauyi na sassauta shi. Bututu kuwa ba ya hawa ƙafa 40 bai tokari wani abu ba, kuma a ƙarshe tilas a sassauta igiya a zuro shi cikin hasumiya. Saboda haka mai hankali ba ya dogara ga gogayya kaɗai. Ya kan je wajen masu kayan mota ya sayi ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai noti biyu da a ke matse salansa da shi, ya ɗaura shi a jikin bututu daidai bisa majanyi, ya ɗaure notin tamau. Ya yi wa bututu kafaɗa ke nan. Ko majanyi ya zame, nan zai tsaya. Kuɗin wannan ƙarfe bai kai na abincin rana ba, ga shi kuwa ran Asabar ɗin nan rashinsa ya kusa jawo zaman makoki.

Sai kuma wurin ɗauri, wanda a nan ne lissafi ya ke. Bututu yana da tsakiyar nauyi, watau inda idan ka ɗora shi a kafaɗa ba ya rinjaya gaba ko baya. In ka ɗaure shi ƙasa da nan, da ya bar ƙasa zai wuntsula, kai ya koma ƙasa. In ka ɗaure shi can kusa da kai, kamar yadda saurayinmu ya yi, zai hau a miƙe ba gardama, amma sa'ad da ƙulli ya isa gargare, gindin bututu yana can ƙasa da ƙolin hasumiya, ba yadda za a yi a zura shi. Dole ne ɗauri ya kasance sama da tsakiya kaɗan, kamar da ƙafa ɗaya. To, duba. Sandar ɗagawa da aka fi samu tsawonta ƙafa 12 ne, wajen ƙafa 2 daga ciki sun tafi a maɗauri, saura 10. Bututu mai ƙafa 20 tsakiyarsa na ƙafa 10, ɗauri na ƙafa 11, majanyi da ƙugiya su ci wata ƙafa guda. Ana neman 12 ke nan, ga 10 a hannu. Ashe ko da bututun dattijo bai faɗo ba, da ya isa sama ya yi ta reto a kan mahayi, ba shiga ba sauka. Shi da kansa ya amsa cewa wannan kuskurensa ne, ba na yaro ba. Ya ce waɗanda su ka san aikin kan tsayar da bututu a cikin gaɓar farko tun ran da aka fara ginin hasumiya, a yi ta ɗora gaɓoɓi a kewaye da shi, in an gama sai a jawo shi sama ta ciki, inda ba shi da wurin wuntsulawa. Shi kuwa bai sayi bututunsa ba sai bayan hasumiya ta tsaya.

Akwai wani lissafi kuma da ba ya zuwa wa mutum a rai sai an nuna masa. Gargaren da ke kan sanda yana ɗauke da ja biyu, na kaya ta gefe guda, na masu ja ta ɗaya gefen. Kaya mai kilo 42 ya zama kilo 84 a kan sanda, tun ba a fizga ba. Idan kuma masu ja su ka ja da baya don gudun abin da zai faɗo, igiya ta karkata, sai su riƙa lanƙwasa sandar zuwa wajensu. Dabarar ita ce a ɗaure wani gargare na biyu a gindin hasumiya, igiya ta sauko a miƙe ta bi ta cikinsa, sa'an nan ta kwanta ta tafi ga masu ja can nesa. Sanda ta huta, mutane kuma sun fita daga ƙarƙashin kaya. A gindin bututu a kan ɗaura wata siririyar igiya, mutum ɗaya ya riƙe daga nesa yana janye shi daga jikin hasumiya kamar mai jan akala. Da an yi haka tun farko, da bututu bai tokari kome ba.

Ita igiyar ja, da wane ƙulli za a yi mata zoben da ƙugiya za ta shiga? Nan ba a son zarge, don zarge yana tsukewa. Ana son zoben da girmansa ba ya sakewa. Wanda matuƙa jiragen ruwa su ka gada tun kaka da kakanni, Turawa na kiransa bolin. A yi ɗan ƙaramin zobe a jikin igiya, a fito da baki ta cikinsa, a zagaya da shi ta bayan uwar igiya, a mai da shi cikin ɗan zoben ta inda ya fito. Kome nauyin da ya ɗauka, in an sauke kaya ana kwance shi da yatsa. Aibinsa shi ne a igiyar roba mai tauri ya kan warware da kansa idan tana kaɗawa babu nauyi, don haka a kan bar masa dogon baki, a kuma ƙulle bakin a jikin zoben. Wasu sun fi son ƙulli mai siffar lamba 8, don ko daga nesa ana gane an yi shi daidai ko an kuskure, ko da ya ke ya fi wuyar kwancewa bayan ya sha nauyi. Wanda ba a yarda da shi ba sam shi ne ƙullin ƙunshi, irin na ɗaure bakin tsumma, idan za a haɗa igiya biyu. Clifford Ashley, Ba'amurken da ya wallafa babban littafin ƙulle-ƙulle a 1944, mai ɗauke da bayani fiye da 3,800, ya yi kashedi mai tsanani a kan haɗa igiyoyi da wannan ƙulli, don ya kan juye ya zame ba zato.

Kada kuma a manta kowane ƙulli yana cin ƙarfin igiya, domin a inda ta lanƙwashe zaren waje ne ke ɗaukar wahala, na ciki na hutawa. Ragin ya kan kai kashi 30 ko 40 cikin 100, wani ƙullin ma har rabi. Majanyi ma haka: a jikin na kirki akwai 'yar takarda da aka ɗinka mai nuna nauyin da zai ɗauka a miƙe, da wanda zai ɗauka idan an yi masa zarge, wanda ya kan ragu da kashi 20 zuwa 25 cikin 100, da wanda zai ɗauka idan an tallafo kaya da shi kamar ragaya, wanda ya kan ninka. Majanyin da takardarsa ta goge, ko ya yi gashi, ko rana ta cinye launinsa, wuƙa ce maganinsa, don kada wani ya tsince shi a juji ya mai da shi bakin aiki. Igiyar roba mai sheƙi da ta cika kasuwanninmu, wadda a ke shanya da ita, rana na cinye ta har ta riƙa zubar da gari a hannu. Igiyar rama da ta kaba kuwa suna da wurinsu a rijiya da kan jaki, ban raina su ba, amma ba wanda zai iya gaya maka kilo nawa za su ɗauka.

Tun da na ambaci shanya, bari in ƙara da wannan, don yana shafar ɗaga ita eriyar bayan bututu ya zauna. A kan ɗaure ta wuri biyu, igiyoyin su haɗu a ƙugiya ɗaya. Mutum zai zaci kowace igiya na ɗauke da rabin nauyi. Hakan na kusa da gaskiya idan igiyoyin dogaye ne, sun tashi tsaye. Kaya mai kilo 40, idan buɗewar da ke tsakanin igiyoyin a wurin ƙugiya digiri 60 ce, kowace na ɗauke da kilo 23. Idan ta kai digiri 120, kowace na ɗauke da kilo 40 cif. Idan ta kai 150, kowace na ɗauke da kilo 77, kusan ninki biyu na kayan gaba ɗaya. Matan gida sun riga injiniyoyi sanin wannan: igiyar shanya da aka ɗaure tamau ita ce jiƙaƙƙen bargo ke tsinkewa, mai ɗan lotsawa kuwa ta ɗauke shi.

Na san wani zai ce mu da ba mu da tashar rediyo a ɗaki, ina ruwanmu? To, a ɗaga kai a dubi rufin gidajenmu. Sandunan eriyar talabijin, da na intanet, da tankunan ruwa, da lasifikokin masallatai, duk da igiya a ke hawar da su, kuma yawanci yaran unguwa a ke kira, a ba su na goro. In abu ya faɗo a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ƙaddara ba. Amma wanda ya sa ɗan wani a ƙarƙashin ƙarfe, bai duba ƙulli ba, bai kuma dubi inda wayar lantarki ta bi ba, alhali dogon bututu in ya kwanta yana iya kai mata, to, akwai tambayar da za a yi masa.

Asabar ta zagayo, aka sake taruwa. Dattijo ya sa an yanke ƙafa 5 daga bututun, har da gindin da ya lotse, yana yi yana ƙorafin kuɗinsa. Ya koma ƙafa 15, kilo 32, tsakiyarsa na ƙafa 7 da rabi. Ya ɗora shi a kan benci ya nemo tsakiyar da kansa, ya shata da alli, ya auna ƙafa ɗaya sama ya sake shatawa. Saurayin nan dai shi ya sa ya naɗa majanyi, ya sa shi ya kwance ya sake har sau uku, sa'an nan aka ɗaura ƙarfen salansa. Mahayi ya sa ɗamarar da ke kama kafaɗu da cinyoyi, da ƙugiya biyu, ba ya cire ɗaya sai ɗaya na maƙale. Aka ce ba mai ba da umurni sai shi, tun da shi ke ganin abin da na ƙasa ba su gani. Aka ɗaga bututu taƙi ɗaya daga ƙasa aka tsaya, dattijo ya girgiza shi, ya dubi shatar alli ya ga majanyi bai gusa ba, sa'an nan ya kore mu duka zuwa gindin mangwaro, ya ce a ja.

Minti goma sha biyu aka yi. Da mahayi ya yi kira cewa gindi ya zauna a kan inji, dattijo ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, in za ka rubuta, ka rubuta har da kuskurena na ƙafa biyu." Na ce, "To, Baba." Ga shi na rubuta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.